Ƙwayar Cuta a Gidan Duba-gari

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar Kabong ta Jos a zamaninmu ya san ƙarar takalmin Baba Natana'el Pwajok tun kafin ya san fuskarsa. Duba-gari ne. In ya shigo layi da kakinsa da farar hular kwano, riƙe da dogon ludayin ƙarfen da yake zurawa a randar mutane, sai ka ga mata sun bazama. Wata ta kife kwanukan wanke-wanke, wata ta ja akuya bayan ɗaki, wata kuma ta tsaya ƙyam a kan tsagaggen murfin masai tana gaishe shi da fara'ar da ba ta kai ciki ba. Shi kuwa ba ya amsa gaisuwa sai ya leƙa randa. In ya ɗebo ruwa ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, ranar sai dai a kwana da ƙishi, don sai ya ga an tuntsurar da ruwan kaf, ko da a ka aka ɗauko shi daga nesa.

Ba mugunta ba ce, ko da yake mun daɗe muna zaton ita ce. A barikin masu haƙar kuza aka haife shi, can bayan Bukuru, inda ubansa yake lebura. Yana ɗan yaro amai da gudawa suka shiga barikin, suka ɗauke ƙanwarsa tsakanin safe da la'asar. Wata nas ta mishan da ta zo daga baya ta nuna wa uwarsu ƙudajen da ke kan kwanon gwate, ta ce ga waɗanda suka kawo ciwon. Maganar ta zauna masa. Ya gama firamare da ƙyar, ya samu shiga makarantar koyon tsafta, ya fito da takarda da imani guda: duk abin da ke da ƙafa shida maƙiyi ne, kuma duk inda ka gan shi, akwai wanda ya yi ƙazanta.

Ya auri Atine, mace mai sanyin magana da son furanni. Gidansu na Kabong ya zama abin kwatance. Tsakar gida siminti ne, ana wanke shi kamar faranti. Bola tana da murfi, murfin ma yana da dutse a kai. Abu ɗaya da ya bar wa Atine shi ne ɗan filin da ke gaban taga, inda ta yi shekaru tana tara furanni, wasu daga gidan 'yar'uwarta, wasu ta roƙo reshe daga harabar coci, wasu ta sayo a bakin titi. Ko su ma sai da ya sa sharaɗi: ba tukunyar da za ta riƙe ruwa.

Sai Allah ya haɗa shi da maƙwabci. Malam Labaran mai kaji ne, yana yanka yana figa a Gada Biyu, abin da bai sayu ba kuma ya dawo da shi gida da rai. Shingen ƙyarana ne kawai tsakanin gidajen biyu. Ta can gefen akwai agwagi, akwai awaki, akwai gashin kaji da iska ke ɗauka tana ajiye wa Baba Pwajok a kan simintinsa. Sammacin da Baba ya rubuta wa Labaran a tsawon aikinsa ya isa a yi wa ɗaki rufi. Labaran yakan karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Oga," ya share rabin gidan, bayan mako guda komai ya koma yadda yake.

Amma a shekarun da gari ya rikice, lokacin da mutane suka riƙa kwashe kaya kowa yana komawa unguwar da masu addininsa suka fi yawa, Labaran bai tashi ba. Da wasu samari suka zo layin suna tambayar gidansa, Baba Pwajok ya fito da kakinsa ya tsaya a bakin ƙofar. Ya ce musu mutumin nan yana da shari'a da hukumar tsafta da ba a gama ba, kuma ba wanda zai taɓa shi sai an gama. Samarin duk ya taɓa tuntsurar da randar iyayensu. Suka juya. Har yau ba a gama shari'ar ba.

Da ya yi ritaya aka karɓe ludayin, amma ba a karɓe idon ba. Tun da ba shi da ikon shiga gidan kowa, sai ya koma duba nasa. Atine ta ce ita kaɗai ce mace a Jos da duba-gari ke zuwa mata kullum, kuma ya kwana.

A cikin wannan hali jikarsu Hosana ta zo zama da su. Uwarta Fibi tana aikin jinya a wani gari, ta ga gara yarinyar ta yi sakandare a gaban kakanninta. Tana aji biyar wata malamar bayoloji, Malama Kausar, ta samo wa makarantarsu aron kayan gwaji daga jami'a na zango guda. Wata ranar Juma'a Hosana ta dawo da 'yan ƙananan kwalabe cike da sifirit, ta sami kakanta a kujerarsa yana jin rediyo.

"Kaka, ƙwari nake nema. Za mu yi musu gwajin DNA."

Baba ya rage muryar rediyo. Abin da ya sani game da DNA shi ne abin da kowa ya sani, wato gwajin da ake yi in miji ya ce ɗa ba nasa ba ne.

"To wane ƙudan ne ya ƙi ɗansa?"

"Kai Kaka! Ba wannan ba. Akwai wata ƙwayar cuta, sunanta Wolbakiya, a cikin jikin ƙwari take zama. Kowa zai kamo ƙwarin unguwarsu, mu niƙa, mu ciro DNA, mu ga wanne ke ɗauke da ita."

Daga duk bayanin kalma biyu Baba ya ji, ƙwari da ƙwayar cuta, kuma su ne kalmomin da ya ƙare rayuwarsa yana haɗawa ba mai saurarensa. Ya miƙe tsaye. Ya ce ashe zai ga wannan rana, ranar da na'ura za ta faɗa wa mutanen Kabong abin da ya yi ta faɗa musu da baki.

Hosana ta fara da gidansu. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ja kabad, ta ɗaga buhun acca a kicin. Baba yana biye da ita, hannuwa a baya, fuskarsa kamar ta wanda ake karanta wa takardar yabo. Ko kiyashi ba ta samu ba. Sai da ta fito tana shirin haƙura ta ga wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da ɗigon baƙi ya sauka a kan furen Atine. Ta rufe shi da kofi.

"Wannan ai baƙo ne," in ji Baba, yana dariya. "Sa shi dai, kada a ce gidanmu bai ba da komai ba. Sauran kwalaben ki zagaya da su gidan Malam Labaran. Can ne hedikwatarsu."

Labaran ya karɓe ta da murna. Ya ce, "Ɗebi, 'yata, ɗebi son ranki. In kwalaben sun cika ki zo da bokiti." Kafin a kira la'asar ta samu ƙudaje manya masu sheƙi, da kyankyaso, da wani buzuzu da ta tono a bayan garken awaki.

Aikin ya ɗauki ɗaliban makonni. Hosana takan dawo tana ba da labari: yau sun yanki ɗan guntun cikin ƙwaro sun niƙa a bututu, yau sun wanke sun tace, yau sun sa a wata na'ura mai kama da ƙaramar tukunyar lantarki wadda ke zafi tana sanyi tana ninka DNA har ya yi yawan da za a gani. Sau ɗaya wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, janareto ya ƙi tashi, suka sake daga farko. Baba yana bin labarin kamar mai jiran hukuncin kotu.

Da aka ce iyaye su zo ranar Asabar su ga sakamako, ya fito da tsohon kakinsa ya sa aka goge. Ya je da kansa ya ƙwanƙwasa wa Labaran, ya ce lalle ya zo, abin ya shafe shi. Labaran ya bar wa ɗansa rumfa ya bi su, shi da Atine suna tafe a baya, Baba yana gaba.

A ɗakin gwajin an rufe tagogi da labule. Malama Kausar, 'yar siririya mai tabarau, ta ɗora wani abu mai kama da yankan agidi a kan akwati mai shuɗiyar fitila. A cikinsa wasu 'yan gajerun layuka suna haske.

"Kowane ƙwaro yana da nasa gurbin," in ji ta. "In kun ga layi ɗaya, DNA ɗin ƙwaron ne, alamar yara sun yi aikinsu daidai. In kun ga layi biyu, na biyun na Wolbakiya ne. Wato tana ciki."

"Layi biyu?" in ji Atine a hankali. "Mu a wurinmu ai ciki ke nan."

Matan da ke kusa suka ƙyalƙyale. Baba ya yi gyaran murya, aka yi shiru.

Ɗalibai suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Hosana, ta nuna gurbin farko da tsinken biro. Ƙudan gidan Malam Labaran, layi ɗaya. Kyankyason gidan Malam Labaran, layi ɗaya. Buzuzu, layi ɗaya. Baba ya matso, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai Hosana ta nuna gurbin ƙarshe, muryarta ta ɗan yi ƙasa.

"Malam-buɗe-littafi, daga gidan Baba Pwajok."

Layi biyu ne, na biyun ma ya fi na kowa haske a ɗakin. Ko wanda ke bakin ƙofa yana hangowa.

"Ikon Allah," in ji Labaran. Ya dafa kafaɗar maƙwabcinsa da tausayi na gaske. "Oga, ashe duk shekarun nan a gidanka take."

Malama Kausar ta ɗaga hannu tana cewa yanzu za ta yi bayanin abin da sakamakon ke nufi. Baba bai tsaya ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, Atine ta bi shi don ba ta ga yadda za ta bar shi ya tsallaka titin Gada Biyu a wannan hali ba. Hosana kuwa an riƙe ta da sauran ɗalibai su wanke kwalabe.

Abin da ya faru a gidan da ranar nan, mu maƙwabta hayaƙi muka fara gani. Baba ya tuɓe kaki ya ɗauki fartanya. Ya bi furannin Atine ɗaya bayan ɗaya yana tumɓukewa, har da jan furen da ta dasa shekarar da aka haifi Fibi. Ya tara su a tsakar gida ya zuba kananzir. Ya ɗauko tsohon famfon feshinsa ya bi bango, ya bi taga, ya bi gindin shingen ƙyarana gaba da baya, har kajin Labaran suka koma can ƙarshen gida suna atishawa. Atine ta ce masa sau ɗaya, "Baban Fibi, ka bari yarinyar ta dawo mu ji." Ya ce ba a jiran bayani in annoba ta shigo gida. Ta zauna a dokin ƙofa, hannu a haɓa, tana kallon wutar.

Da Hosana ta dawo ta ga baƙar ƙasa a inda furanni suke, sai ta fashe da kuka. Tana kuka tana bayani, ba wanda ya gane abin da take cewa. Ranar Litinin bayan an tashi makaranta ta zo da malamarta.

Malama Kausar ta durƙusa ta gaishe su, ta ƙi kujera sai da Atine ta matsa mata. Ta dubi filin da aka ƙone, ta dubi Baba, sannan ta fara a hankali.

"Baba, laifina ne da ban fara da wannan ba. Wolbakiya ba ta kama mutum. Ko ka haɗiye malam-buɗe-littafin nan ba abin da za ta yi maka. A cikin ƙwaro kawai take iya rayuwa."

"Amma daga ƙazanta ya ɗauko ta."

"A'a, Baba. Daga uwarsa ya gada, tun yana ƙwai. Ita ma daga tata uwar. Masana sun ce wajen rabin ire-iren ƙwarin duniya suna da ita. Ba ruwanta da shara ko rashin shara. Akwai ma ƙasashen da ake sa wa sauro ita da gangan a sake shi, don tana hana shi yaɗa wani zazzaɓi da ake kira dengi."

A duk karatun Baba da aikinsa ba a taɓa gaya masa cewa akwai ƙwayar cutar da ake kiwo ba, balle a ce hukuma ta saki sauro da hannunta.

"To shi ƙwaron me take yi masa?"

"Ya danganta. Tun da ta wurin uwa take wucewa, namiji ba shi da amfani a wurinta. A wasu ƙwarin takan mai da maza mata. A wasu malam-buɗe-littafi kuma takan kashe mazan tun suna cikin ƙwai, sai mata kawai su fito."

Atine, wadda tun Asabar ba ta ce wa mijinta ko sannu ba, ta ɗago kai.

"Maza kawai take kashewa?"

"A wasu, Mama."

"To," in ji Atine. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ashe tana da hankali."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya tambayi abin da ya fi ci masa rai, wato ƙudajen Labaran. Malama ta ce layi ɗaya ba ya nufin ƙudan yana da tsabta. Abu guda suka nema, shi ne ba su samu ba. Ƙuda yana nan yana kwasar ciwon ciki a ƙafafunsa daga masai zuwa kwano, kamar yadda Baba ya sani. Baba ya sa ta maimaita, ya aika Hosana ta kira Labaran ya ji da kunnensa. Amma an makara. Tun ranar Asabar Labaran yake gaya wa duk mai sayen kaza a Gada Biyu cewa an kai ƙudajensa makaranta an auna su da na'ura, an ce lafiyarsu ƙalau. Wasu ma sun ce ciniki ya ƙaru.

Malama ta miƙe za ta tafi, sai ta tsaya tana murza yatsu.

"Baba, da wata magana. Malamin jami'ar da ya ba mu aron kayan ya ga hoton sakamakon. Ya ce na gidanku ya fi ba shi sha'awa. Yana so a kamo masa irin malam-buɗe-littafin nan da yawa, daga wuri ɗaya, a ga ko duk mata ne."

Duk suka juya suka dubi baƙar ƙasar. Warin maganin feshi bai ma gama fita ba.

Washegari da safe aka ga Baba Pwajok a wurin masu sayar da furanni a bakin titi yana taya dashe. Bai san sunan ko ɗaya ba, sai dai ya nuna da yatsa. Ya kawo su a keke, ya tona ramuka a jere kamar na masai, ya dasa, ya danne ƙasar da dunduniya. Cikin 'yan kwanaki rabi suka langaɓe. Atine tana kallo ta taga. Sai da ta ga ya ɗauko bokiti zai yi musu ban ruwa da tsakar rana sannan ta fito ta karɓe bokitin, ba tare da ta dube shi ba.

"Matsa. Kashewa ka iya."

Furanni suka kama, damina ta yi nisa, amma mai ruwan lemon bai dawo ba. Fararen suna zuwa, rawaya suna zuwa, shi shiru. Hosana ta tambayo malamarta, ta dawo da amsa: fure abincin manya ne kawai. Ƙwai a kan ciyawa suke sa shi, tsutsar kuma ganyen balasa take ci, ciyawar nan mai shuɗin fure da ke bin wuri mai laima. Baba ya san balasa sarai. Ya kuma san inda take a layin nan kaf: bakin kwatar Labaran, ta bayan shinge, inda ya yi shekaru yana rubuta sammaci a kanta, inda kuma feshinsa ya ƙone rabinta.

Ya yi kwana biyu yana zagaye tsakar gida. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, ranar tsaftar gari, ya hango Labaran ya fito da lauje yana nufar kwatar, don tun da aka yaba wa ƙudajensa ya fara jin kansa mutum mai tsabta. Baba ya leƙa ta saman ƙyarana.

"Malam Labaran."

"Oga, barka da asuba. Ga shi yau ba sai ka yi magana ba."

"Bar ciyawar nan."

Labaran ya tsaya da lauje a sama. "Na'am?"

"Na ce ka bar ta. Kada ka nome."

"Oga, ka yi haƙuri, kunnen nan ya fara tsufa. Ƙara faɗa, da ƙarfi, yadda mutanen layi za su zama shaida."

Baba ya faɗa da ƙarfi. Labaran ya ajiye lauje ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala.

Wajen ƙarshen damina suka fara dawowa, ɗaya, biyu, sannan da dama. Baba ya ɗinka raga da tsohon gidan sauro da waya, ya koyi kamu da gwiwoyin da ba sa son gudu. Matsalar ita ce sifirit ɗin makaranta ya ƙare, kuma ana hutu. Hosana ta taɓa ce masa ruwan kwalaben nan ɗan'uwan barasa ne. Baba ya yi tunani irin na tsohon ma'aikaci, cewa in babu na gwamnati a yi da na gida. Ya sa hula ya tafi unguwar Congo-Russia wurin wata Madam Ulonma mai sayar da ogogoro, ya ce a cika masa galan ƙarami.

Mutumin da ya kai shekara talatin yana dattijon ikilisiya, wanda ko burkutu bai taɓa kai wa baki ba a gidan biki, shi aka gani da rana tsaka yana fitowa daga shagon Madam Ulonma rungume da galan. Kafin ya iso Kabong labarin ya riga shi. Matan zumuntar coci suka ce dama tun abin makarantar nan bai dawo daidai ba. Ranar Laraba Fasto Fredrick ya zo da dattawa biyu, suka zauna a falo, aka yi addu'a mai tsawo a kan jarabobin tsufa. Baba yana ta cewa amin, bai san da shi ake ba. Da Fasto ya fito fili, Baba ya tashi ya shiga ciki ya fito da tire cike da kwalabe, kowacce da malam-buɗe-littafi yana iyo.

Fasto ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen haske. Ya buɗe, ya sansana, ya yi saurin rufewa.

"Baba, su ne suke sha?"

"Su ne, Fasto."

Dattawan suka tafi da alamar gamsuwa, amma a coci har yau akwai masu cewa ba a sayen galan guda saboda ƙwaro.

Da aka koma makaranta Baba ya kai wa Malama Kausar tiren da kansa. Ta buɗe kwalba ɗaya, ta ga fukafukan sun saki, cikin ya yi laushi. Ta ce cikin ladabi ogogoron ya sha ruwa da yawa, ba zai riƙe DNA ba, ƙwarin sun fara ruɓewa. Baba ya ce dama ya yi zargin matar nan tana algus, kuma da yana bakin aiki da ta gani. Malama ta rubuta masa sunan sifirit mai ƙarfi da zai nema a kemis, ta ce ya riƙa ajiye kwalaben a firji. Sannan ta gaya masa abin da ta so ta ɓoye: zangon aron ya ƙare, jami'a ta karɓi na'urorinta, malamin da ya nemi malam-buɗe-littafin kuma ya tafi ƙarin karatu waje. Amma ta ce an yi mata alkawari, baɗi za a sake kawowa.

Hosana ta gama sakandare, yanzu tana jami'a tana karantar ilimin ƙananan halittu. Malama Kausar tana nan, kuma duk shekara in Baba ya je tambaya takan ce ana sa rai bana. Shi dai bai fasa ba. Kowace damina yana bakin shinge da ragarsa, Labaran yana nuna masa ta inda suka bi. Ya koyi bambanta mace da namiji, kuma ya ce a cikin waɗanda ya kama mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. In ka ce masa to ai magana ta tabbata, sai ya girgiza kai ya ce ba a yanke hukunci sai an ga layi. Atine ta ce in haka ne a daina ce musu malam.

Kwanakin baya na shiga gaishe su, ƙishi ya kama ni, na nufi firji. Atine ta ɗago daga tsintar acca.

"Ɗana, ruwa yana ƙasa, miya tana dama. Na saman nan da na hagu kada ka taɓa, na jami'a ne."